Cinyar Mai Kora

Sunansa Odell Purvis Hathorn, ni kuma Hollis. Na fara haɗuwa da shi a watan Nuwamba na shekarar 1961, a bakin wata fadama da ke kudancin Mississippi, ranar da surukina ya shigar da ni ƙungiyar mafarauta ta Rafin Sowell. Kafin in ga fuskarsa, muryarsa na fara ji. Daga cikin kurmi take fitowa, sama da haushin karnuka, wata doguwar kururuwa mai karyewa a ƙarshe, wadda duk wanda ya taɓa riƙe bindiga a yankinmu ya san mai ita. Da ya ɓullo sai na ga ashe ɗan gajeren mutum ne siriri, ya jiƙe sharkaf har ƙugu, ƙaya ta yayyage masa hannuwa, yana ta dariya.

Odell ma'aikacin injin tsaga katako ne, kamar yadda mahaifinsa ya kasance. Ya auri Lurleen, suka haifi 'ya'ya mata uku, kuma ranar Lahadi shi ke zagayawa da farantin baiko a coci. Amma da za a tari kowa a garin a tambaye shi wane ne Odell, amsar guda ce: mai kora ne.

Masu bindiga mu ne muke jeruwa a bakin hanyoyin da motocin katako suka fasa, kowa ya tsaya inda aka ajiye shi. Mai kora shi ke kutsawa cikin ruwa da sarƙaƙiya tare da karnuka, ya tayar da barewa daga makwancinta, ya turo mana ita. Ba ya harbi. Odell yakan rataya bindigarsa ne kawai don kada a ce ya shiga daji hannu sake. Cleon Maples, abokinsa tun suna yara, bai taɓa barinsa ya huta a kan wannan ba.

"Odell, ka ba ni bindigar nan in kai wa matata ta riƙa juya miya, tunda ba ta da wani aiki."

"Kai da taka ke aiki," in ji Odell, "barewa nawa ka yi wa rakiya da ƙara bara? Har ɗaya ta juyo ta yi maka godiya."

Da yamma ake rabo, a kan wani dogon tebur da ke bayan rumfar ƙungiya. Wanda ya harbe barewa, nasa ne kai da fata da naman gadon baya. Mai kora kuwa a cire masa cinya guda tun wuƙa ba ta taɓa sauran ba. Abin da ya rage a kasa shi daidai yawan waɗanda suka fito, mutum ɗaya ya juya baya, wani ya riƙa nuna kashi yana tambayar na wane ne, mai juya bayan yana kiran suna. Da wanda ya yi harbi da wanda ya wuni yana gyangyaɗi a gindin bishiya, ba mai komawa gida hannu rabbana. Fiye da shekara talatin Odell yana shiga gida da cinyar barewa a kafaɗa, ya dire ta a gaban Lurleen. Bai taɓa faɗa da bakinsa ba, amma duk mun san cewa da wannan cinya yake auna kansa.

A shekarar 1995 kamfanin katako ya sayar da dajin. Masu saye 'yan birni ne, suka kafa ƙofar ƙarfe, suka sa kwaɗo. Ƙungiya ta watse. Odell ya loda karnukansa a akori-kura ya kai wa wani mutum a Alabama, ya dawo shi kaɗai, kuma ba wanda ya yi ƙarfin halin tambayarsa yadda aka rabu. Lokacin farautar wannan shekara a kan baranda ya yi shi. Cleon ya samo nama daga gonar mijin 'yarsa ya kai masa, Odell ko buɗe ƙunshin bai yi ba.

"Ka kai wa zawarawan coci," in ji shi. "Ni ƙafafuna ba su mutu ba tukuna."

Cleon ne ya kawo shawarar Missouri. Ya ji an ce can akwai dajin gwamnati mai faɗin da mutum zai wuni yana tafiya bai ga shinge ba, ba kwaɗo, ba mai kamfani, kuma mazan barewar can sun ninka namu girma. Odell ya daɗe yana ƙi. A ƙarshe Lurleen ce ta ce ta gaji da ganinsa yana bin ta daga ɗaki zuwa ɗaki, ya tafi ko ita ta tafi. Ya aro doguwar bindiga wurin mijin babbar 'yarsa, ya ce mana sau ɗaya zai gwada. Idan ya dawo ba da naman guminsa ba, shi da daji sun yi sallama ke nan.

Muka tashi mu uku a watan Nuwamba na 1996. Cleon ya karanta mana dokokin farautar jihar a cikin mota, domin a wancan lokaci ni ban koyi karatu ba tukuna, Odell kuwa ya iya amma bai saurara ba. Abu ɗaya ya shiga kunnensa, cewa ba a shiga da kare. Daga nan ya juya yana kallon taga.

Ƙasar ba ta yi kama da komai da ya sani ba. Tuddai ne a jere, wani bayan wani, da kwaruruka masu zurfi a tsakaninsu. Ƙasa duk dutse, busasshen ganye ya rufe ta, ko ina ka taka sai ya yi ƙara. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gane hanya da zurfin ruwa a ƙwaurinsa, sai ga shi a inda ba ruwan da zai jiƙa masa tafin ƙafa. Da asubar farko muka isa ƙarshen wata hanyar tsakuwa, muka tarar da motoci birjik, lambobinsu na jihohi daban-daban. Mutane suna sauka, kowa ya ɗauki bindigarsa da tocila ya shige duhu, ba mai yi wa wani magana. Odell ya gyara hularsa ya nufi wani da ke ɗaure takalmi.

"Ina kwana, ɗan'uwa. Wa ke raba wuraren tsayuwa a nan?"

Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya ƙarasa ɗaurin takalminsa, ya tafi.

"Ba mai rabawa," Cleon ya raɗa masa. "Nan kowa ta kansa yake yi. Taho, kada ka ba mu kunya."

Ya kai shi gindin wata babbar bishiya a kan doron tudu, ya share masa ganye.

"Zauna nan. Kada ka yi tari, kada ka yi waƙa, kada ka yi wa kurege hira. In barewa ta zo, bakin da ke da rami shi ake nuna mata."

Odell ya zauna. Ya gaya mini daga baya cewa bai taɓa sanin wuni yana da tsawo haka ba. Sanyi ya shiga gwiwoyinsa ya yi zamansa. Can nesa yakan ji harbi ɗaya, daga nan shiru, ba ƙahon da aka busa, ba mai kiran kowa ya zo ya gani. Sai ya riƙa tunanin cewa wani mutum yana can tsaye shi kaɗai a kan barewarsa, ba wanda zai ce masa sannu. Rana ta farko ta wuce, ta biyu ta bi ta, bai ga ko wutsiya ba.

A rana ta uku da hantsi, idonsa ya tsaya a kan kwarin da ke ƙasansa. Wani kurmi ne mai duhu, ƙananan bishiyoyi sun cushe, ƙaya ta ɗaure su. Mafarauta sun kewaye tuddai ta ko ina, ba wanda ya taka wurin. Odell ya san da shi barewa ne, can zai kwanta har a gama hayaniya. Ya kuma san Cleon yana kan tudun gabas, ni ina wata 'yar mashiga tsakanin tuddai biyu da ke gaba da shi. A lissafinsa masu tsayuwa sun riga sun jeru. Abin da ya rage mai kora.

Bai yi shawara da kowa ba, bai ma yi da kansa ba. Ya rataya bindigar a kafaɗa, ya gangara, ya zagaya ta yamma don iska ta kai warinsa cikin kurmin, ya cika ƙirji ya saki kururuwarsa. Ina zaune a wurina na ji ta, tsigar jikina ta tashi, domin na ɗauka ba zan sake jin ta ba har in mutu. Ya kutsa cikin ƙaya yana buga itatuwa da sanda. Da yake ba karnuka, sai ya riƙa kiran sunayensu kamar suna gabansa: Dinah, Deacon, tsohon Luther, yana zuga su, yana yi wa mai nawa faɗa. Daga wani tudu wani baƙo ya ɗura masa ashar. Odell bai ji ba. Ya ji dai abin da yake jira: rassa suna karyewa a gabansa, wani abu mai nauyi ya zabura. Ya hango ƙaho mai faɗi yana ratsa bishiyoyi.

Namijin barewar bai bi ta gabas ba. A fadama Odell zai iya rantsuwa a kan inda zai ɓullo, amma barewar tudu hanyarsa daban. Ya karkata arewa, ya haye wani gefen dutse, sai harbi ya tashi daga inda ba ni ba Cleon.

Odell ya hau yana haki. Ya tarar da wani ƙaton mutum mai furfurar gemu tsaye a kan namijin barewar da bai taɓa ganin mai girmansa ba. Sunan mutumin Delbert Stroup, maƙerin walda ne a wani ƙauye da ke kusa, amma a lokacin Odell bai sani ba, bai kuma ga dalilin tambaya ba.

"Madalla da wannan hannu!" in ji Odell. "Harbi ɗaya, ɗan'uwa. Haka ake yi."

"Kai ne mahaukacin da ke ihu a kwarin nan?"

"Ni ne mai kora."

"Mai me?"

Odell ya riga ya durƙusa. Ya zaro wuƙarsa, ya kama ƙafar baya ya ɗaga.

"Kai, tsoho! Saki ƙafar nan!"

"Cinyata kawai zan cire. Kai da fata da gadon baya duk naka ne, sauran ku raba da mutanenka."

"Cinyarka? Kai ka haife shi? Ni na harbe shi, takardar lasisina zan ɗaura masa."

"Wa ya kawo maka shi? Ko aike ka yi masa ya zo?"

Delbert ya matso har inuwarsa ta rufe Odell.

"Daga ina kake?"

"Mississippi."

"Na ji a bakinka. To saurara, Mississippi. Ka kori barewar kowa daga nan har rafi. Mutane sun baro aikinsu sun zo sun zauna tun asuba, ka watsa musu. Ka gode wa Allah ba wanda ya ɗirka maka harsashi a ɗuwawu. Nan wanda ya harba shi ke da nama. Mayar da wuƙarka."

Odell ya dubi fuskarsa, ya ga ba rowa ba ce. Mutumin da gaske ɓarawo ya ɗauke shi. Wannan ya fi baƙar maganar yi masa ciwo. Ya ninke wuƙar, ya miƙe da ƙyar, ya juya ya kama hawan tudu.

Bai yi nisa ba ya ji nishi a bayansa. Delbert ya ɗaura igiya a ƙaho yana ja, barewar tana maƙalewa a duwatsu, shi kuma yana zamewa. Odell ya tsaya ya ba shi baya na ɗan lokaci. A Rafin Sowell ba a taɓa barin mutum ɗaya ya ja barewa ba, ko da maƙiyinka ne. Ya sauko ya kama ɗaya ƙahon.

"Ban ce ka taimake ni ba."

"Ba kai nake taimako ba. Naman ne ba na so ya ƙuje a kan dutse."

Suka ja, suka huta, suka sake ja. A wani hutu Delbert ya tambaye shi wace irin farauta ake yi a garinsu da har mutum zai zaro wa baƙo wuƙa yana murmushi. Odell ya ba shi labarin teburin, da mai juya baya, da cinyar mai kora, da ƙofar ƙarfen da aka kafa.  Da suka kai bakin hanya suka ɗora barewar a mota, sai Delbert ya ce ko da ya so, doka ba ta yarda a yanki komai ba sai an kai barewar sukutum wurin rajistar hukuma. Ya ɗaga hannu, ya ja motarsa. Odell ya tsaya a kan tsakuwa da jinin barewar wani a hannunsa.

Da yamma a bakin tanti Cleon ya yi dariya har ya ƙware da kofi.

"Ka yi tafiyar wuni guda a mota don ka yi wa baƙo kora kyauta! Har da dako!"

Da ya ga Odell bai rama ba, sai dariyar ta mutu. Odell ya cire takalmansa ya sa a buhu ya ɗaure.

"Gobe ku je ku yi farautarku," in ji shi. "Ni zan tsare tanti. Ba ni da aiki a wannan daji."

Gari bai gama wayewa ba muka ji mota ta tsaya. Delbert ne, da surukansa biyu. Ya sauko da wani ƙunshi a farar takarda, ya miƙa wa Odell ba tare da gaisuwa ba. Odell ya buɗe. Naman gadon baya ne, duka biyun, an gyara su tsaf. Ya duba, ya mayar da takardar ya rufe, ya miƙa masa abinsa.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Ka san ko mene ne wannan? Duk jikin barewa ba inda ya kai shi."

"Na sani. Shi ya sa na mai harbi ne. Ni cinya ce tawa."

"Karɓi mana, wawa!" Cleon ya ce ta gefen baki.

"Cinyar tana can rataye a gida," in ji Delbert. "Gidan kuma ba kusa ba ne."

"Ba inda za ni. Zan jira."

Delbert ya dubi surukansa, ya dubi sama, ya faɗi wata kalma da ba zan rubuta ba. Ya shiga mota ya buga ƙofa. Surukan suka zauna suka sha kofinmu, farautar asuba ta wuce mu duka. Rana ta ɗaga sosai kafin ya dawo. Ya fito da cinya guda a kafaɗa, ya dire ta a kan akwatin kayan abincinmu.

"Ga cinyarka, Mista Mississippi. Ta yi, ko in koma in kawo ta hagu?"

Odell ya juya ta, ya duba inda aka yanka.

"An ɗan ci mata gefe. Amma ta yi."

Delbert ya sosa gemu. Ya ce akwai wani kurmi bayan tsohuwar hasumiyar masu gadin gobara, nesa da inda baƙi ke zama, shekara da shekaru suna ganin sawun manya suna shiga, ba mai iya fito da su. Ya ce da za a sami wanda bai damu da fatar jikinsa ba. Bai ƙarasa ba, Odell ya riga ya kwance buhun takalma.

"Kai da surukinka mai jar hular nan za ku tsaya ta inda iska ke zuwa. Cleon a sa shi inda ba abin da zai bi, don kada ya ɓata harsashi. Ba mai harbi zuwa cikin kwari, ina ciki. Kuma duk abin da ya faɗi, in an dawo daga rajista tebur za a kai shi."

"Ba mu da tebur."

"Ƙofar bayan mota ta isa."

Daga wannan shekara, duk Nuwamba muna Missouri, har zuwa 2003 da gwiwoyinsa suka ƙi hawan tudu. Ya koyi hanyoyin barewar tudu a hankali, da kuskure da yawa, kuma Delbert bai bar ko ɗaya ya wuce ba tare da ya yi masa tsiya ba. Mutanen can suka koyi juya baya a kira suna, ko da yake sun daɗe suna zargin mai kiran da leƙe. Bindigar aron nan kuwa Odell ya mayar wa mai ita ba tare da ya taɓa harba ta ba.

Bayan rasuwar Lurleen ya koma gidan ƙaramar 'yarsa a cikin gari. Can na same shi a kan kujera a bakin taga, an lulluɓe masa ƙafafu da bargo, muryar nan ta zama 'yar siririya. Ya ce Delbert yana kiransa a waya duk lokacin farauta ya ba shi labari. Wai yanzu wani ɗan ƙanensa ke shiga kurmin, a hankali yake tafiya, shiru, yana ɗan tafa hannu.

"Kora ba ihu," in ji Odell, yana girgiza kai. "Yawo yake yi, Hollis. Amma na ce su riƙa cire masa cinyarsa."

'Yarsa ta kawo mana kofi, muka sha. Da na tashi tafiya ya so ya raka ni bakin ƙofa, na hana shi, ya yi mini faɗa, ya raka ni.

Wannan ita ce haɗuwarmu ta ƙarshe, ranar Asabar, sha huɗu ga watan Maris, shekarar 2009.